Daga Bakin Kwara zuwa Takarda: Yadda Marubuci Ke Gina Labari

Gaisuwa ga mutanen Bagudo da Ka'oje da Zagga da Illo da Lolo da Tsamiya, da duk ƙauyukan da ke jere a bakin kogin Kwara. Gaisuwa kuma ga 'yan uwanmu na Jamhuriyar Benin, mutanen Segbana da Madekali da Malanbil, masu kama mu ta rediyo ko ta waya.

Yau zancenmu a kan marubuta ƙagaggun labarai ne: inda suke samo labari, da yadda suke tunani a kan sana'arsu, da irin wahalar da suke sha kafin labari ya zama littafin da mutum zai ɗauka ya kasa ajiyewa. Na zaɓi wannan batu ne saboda 'ya'yanmu da ƙannenmu suna karatun labarai fiye da yadda muke zato. A waya suke karantawa, a WhatsApp da Wattpad, wasu kuma saurare suke yi a YouTube. Cikinsu har da masu rubutawa, kuma ina jinjina musu. Sai dai sau da yawa za ka tarar yarinya tana zaune a Ka'oje, labarinta kuwa yana faruwa a wani katafaren gida a Abuja ko Dubai, inda ba ta taɓa sa ƙafa ba. Ba kogi a ciki, ba fadama, ba ranar kasuwa, ba Bafulatana mai tallan nono, ba Dandawa, ba Kyangawa. Wannan yana damuna ƙwarai. Labaran da ke ƙasar nan suna da nauyi, kuma in mu ba mu rubuta su ba, ba wanda zai taso daga Kano ya rubuta mana.

Bari mu fara da tambayar da na san tana zuciyar wasu iyaye: shin wannan aiki ba ƙarya ba ce aka yi wa ado? Tambayar ta daɗe. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar rubuta labarai da Hausar boko, da ita ya fara cin karo. A wurin malaman wancan zamani, alƙalami na ilimi ne: fiƙihu da tarihi da wa'azi da waƙa. Tatsuniya kuwa ta tsofaffi ce da yara, da dare. A ce mutum mai mutunci ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba? Abin ya yi musu banbaraƙwai.

Amma amsar tana cikin zaurukansu. Littafin Maƙamatul Hariri, na Hariri mutumin Basra wanda ya rasu a 1122, ya daɗe ana karantar da shi a makarantun zaure na ƙasar Hausa don ƙwarewa a Larabci. Maƙama 50 ce, duk a kan wani gwanin baki mai yawon duniya, Abu Zaidi, da wanda ke ba da labarinsa, Harisu. Malamin da ke karantarwa ya san gina labarin aka yi, ɗalibi ma ya sani, kuma ba wanda ya ce an yaudare shi. Maƙaryaci so yake ka yarda abu ya faru don ya cuce ka. Marubuci kuwa tun a bangon littafi ya gaya maka ƙagagge ne, kai kuma ka shiga da yardarka, don ka ga halin ɗan Adam ta fuskar da ba ka saba gani ba.

Gasar East ɗin nan ta haifi littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Ku lura da abu ɗaya, mutanen Kabi. Bello da Imam wa da ƙane ne, 'yan Kagara ta jihar Neja ta yau, kuma littattafansu biyu duk suna da tushe a Kwantagora, maƙwabciyar Yawuri. Ke nan biyu daga cikin littattafai biyar na farko daga wannan shiyya tamu ta yamma suka fito.

Zan ɗan daɗe a kan Imam, domin a wurinsa ne ake ganin sirrin sana'ar ƙarara. Yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. Duk wanda ya karanta ya san Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yadda suke gamuwa gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan wayo, wancan ya rama. Imam bai ɓoye ba cewa daga Abu Zaidi da Harisu na Hariri ya samo wannan zubi. A 1936 aka ɗauko shi daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna wajen wata shida yana karatu yana rubutu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, daga 1937 zuwa 1939. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin labaran: wasu daga Alfu Laila, wasu daga tatsuniyoyin Jamus, shi kansa akun da ke ba da labari a littafin yana da asali a adabin Indiya.

To ga abin mamaki. Tsara bayan tsara sun karanta littafin nan, ba wanda ya ji warin baƙunta. Me ya sa? Saboda Imam bai kwafa ba, sarrafawa ya yi. Ya ba mutanen sunayenmu, ya zaunar da su a fada mai waziri da dogarai, ya sa musu karin magana a baki, ya ba su irin barkwancin da Bahaushe ke ganewa tun kafin a ƙarasa. Ku manoman shinkafa kun fi kowa fahimtar wannan. Labarin da marubuci ya ji ko ya karanta shanshera ce. Ba wanda ke zuba shanshera a tukunya ya kira baƙo. Sai an turara, an shanya, an cashe, an bakace, kafin ta zama abinci, kuma a nan ne ake gane hannun wata ya fi na wata, ko da gona ɗaya aka yanko.

Saboda haka marubucin ƙwarai ba ya yawan damun kansa da cewa, "Shin an taɓa ba da irin wannan labari?" An taɓa. Kishi da maraici da cin amana da son abin duniya sun girmi kowane littafi. Tambayar da ke hana shi barci ita ce, "Me na gani a cikin wannan al'amari da wani bai gani ba?" Nan kuma bambancin aro da sata yake. Wanda ya ɗauko babin wata marubuciya daga WhatsApp ya sauya sunayen taurari ya liƙa nasa, wannan ɓarawo ne, haƙƙin mutane ya ci, kuma ba abin da ya koya.

Bello Kagara shi kuma wata rijiyar ya ɗebo. Ya fara Ganɗoki da yaƙe-yaƙen zamanin Nagwamatse da zuwan Turawa Kwantagora, abin da tsofaffin da ya tarar suka gani da idonsu, sannan ya zarce da jaruminsa duniyar aljanu. A Nijar, Abdoulaye Mamani ya yi irin wannan da Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa da ta ratsa ƙasar tana ƙone garuruwa a 1899. Abin da takardun Faransawa suka rubuta a kanta kaɗan ne. Mamani ya haɗa da abin da ke bakin mutane da abin da tunaninsa ya ba shi, ya fitar da littafin Sarraounia da Faransanci a 1980. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Yau duniya ta san Sarauniya ta dalilin alƙalamin mutum ɗaya.

Mu fa? Illo tana cikin manyan garuruwan Bargu na dauri, ita da Busa da Nikki, kuma ruwayar baka ta danganta kafuwarsu da 'ya'yan Kisra. A 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar da ta raba Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Ku yi tunanin mutumin da ya wayi gari aka ce kawunansa yanzu talakawan wata gwamnati ne, harajinsu daban, harshen makarantarsu daban. Wannan kaɗai ya isa littafi. Sai dai mai taɓa tarihi yana da iyaka. Yana da damar ƙago abin da miji da mata suka faɗa wa juna a ɗaka, tunda ba wanda ya rubuta. Ba shi da damar sauya shekarar da abu ya faru, ko ya ɗora wa kakan wasu laifin da bai yi ba alhali jikokinsa suna nan da ransu.

Mu ɗan sha iska, mu dawo.

[Ɗan kiɗa]

Barkanmu da dawowa. Masu sauraro, yanzu so nake mu gina labari tare, a nan cikin shirin, don ku ga tambayoyin da marubuci ke yi wa kansa. Duk mutanen da zan ambata ƙagaggu ne, ba da kowa nake ba.

Abin da ya faru da gaske shi ne wannan: a watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020, ta Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Kowa a nan ya san abin da ya gani a lokacin. Ɗan jarida zai kawo maka farashin buhu da bayanin hukuma, aikinsa ke nan. Marubucin labari kuwa tambayarsa ta farko ita ce: a duk mutanen nan, wa abin ya fi ci wa rai, kuma me yake so wanda rufewar ta hana shi?

Mu ɗauki wani dattijo matuƙin jirgin fito a Lolo. 'Yarsa ta fari tana aure a Madekali, ga ta da tsohon ciki, cikin fari. Al'ada ta ce a dawo da ita gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta yi mata wankan jego. Uwar ta tsaya kai da fata sai an ɗauko ta. Ga iyaka a rufe, ga masu sintiri a tudu da ruwa, jirgin nan kuma shi ne duk abin da ya mallaka. In aka kama shi, gidan ya tashi. Kun ga mun sami buƙata, mun sami shinge. Amma har yanzu labarin bai ƙullu ba, tausayi kawai muka tara. Abin da ke ƙulla labari shi ne zaɓi mai tsada. To bari wani ɗan kasuwa ya yi sallama da dare, ya ce shi zai sayi mai, shi zai ji da hanya, sharaɗinsa ɗaya: a dawowa a shimfiɗa buhu goma na shinkafa 'yar waje a ƙarƙashin tabarmar da mai cikin za ta zauna. Dattijon nan kuwa tsawon rayuwarsa bai taɓa ɗaukar kayan fasa-ƙwauri ba, da wannan aka san shi. Yanzu ko ta ina ya juya sai ya rasa wani abu. Wannan shi ne labari.

Tambaya ta biyu: wa zai ba da labarin? Sababbin marubuta ba su cika tsayawa a nan ba, alhali rabin aikin ke nan. Ku tuna da Shaihu Umar. Tafawa Ɓalewa ya sa labarin a bakin tsohon malami yana gaya wa almajiransa a Rauta, cikin natsuwa, ba ihu ba kuka. Wannan natsuwar ce ta sa sace yaro da cinikin bayi da wahalar uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta suka fi taɓa zuciya. Da mai kururuwa ne ya ba da shi, da ya yi rauni.

A namu labarin, in muka ba dattijon, za mu sha wuya, domin mutum ne mai kunyar ɗan fari. Ko sunan yarinyar ba ya kamawa, balle ya buɗe baki ya ce hankalinsa ya tashi. In muka ba uwar, za mu sami zafi, amma ita ba za ta shiga jirgin ba. Ni da zan zaɓa, ƙanen yarinyar zan ba, ɗan shekara goma sha biyu, mai kwarfe ruwa a jirgin babansa. Yaro yana ganin komai, ba ya fahimtar komai, sai mai karatu ya riƙa gane abin da shi yaron bai gane ba. Wannan yana daga cikin manyan daɗin karatu.

Kuma wannan kunyar ta dattijo, wadda ta zama mana cikas ɗazu, ita ce za ta ba mu mafi kyawun shafi a littafin. Marubuci mai gaggawa zai rubuta cewa uban ya damu ƙwarai, ya wuce. Wanda ya san aikinsa ba zai faɗa ba. Zai sa yaron ya farka cikin dare ya ga ba baba a ɗaki, ya bi shi bakin ruwa, ya tarar da shi da tocila yana kwance injin da ba abin da ya same shi, yana sake ɗaurawa. Da safe uwar ta ce, "Malam, ka dai ji abin da na ce," shi kuma ya amsa da zancen tsadar mai. Ba a ambaci damuwa ba ko sau ɗaya, amma mai karatu ya ji ta har cikin ƙashinsa. Kuma ku duba, wannan dabara daga tarbiyyarmu ta fito. Mutanen da ba su faɗin abin da ke ransu kai tsaye su ne suka fi daɗin rubutawa.

Daga ina za a fara? Ba daga haihuwar dattijon ba, ba kuma daga shafi uku na yabon hasken farin wata ba. A fara daga daren da waya ta yi ƙara, layin Benin, surukar yarinyar na cewa ƙafafun mai cikin sun kumbura. Abin da ya wuce a baya a riƙa sako shi kaɗan-kaɗan inda ake bukata.

Sai bincike. Wasu na zaton ƙagaggen labari ba ya bukatar bincike, tunda ƙagawa ake yi. Ya fi bukata ma. In labarin a watan Satumba yake, kogi cike yake, ya shanye fadama, tuƙi a lokacin daban yake da na bazara. Lita nawa injin ke sha zuwa da dawowa? Yaushe ake kashe inji a koma filafili don kada a ji ƙara? Nawa ne canjin sefa a bakin 'yan canji a lokacin? Wane kifi Sarkawa ke kamawa a wannan wata? Ba a zaune a ɗaki ake sanin waɗannan ba. Sai ka je bakin ruwa, ka gaida mutane da ladabi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka zauna ka saurara. Kuskure ɗaya a irin wannan ya isa ya sa matuƙin gaske ya ajiye littafinka ya ce wannan bai san ruwa ba, daga nan kuma ba zai ƙara yarda da kai ba ko a kan abin da ka sani.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. A labarin nan akwai jami'in kwastan, akwai ɗan kasuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da ɗayansu shaiɗan: jajayen idanu, ƙaton ciki, dariyar mugunta. Kada ku yi. Jami'in nan wataƙila saurayi ne da aka turo daga wata jiha mai nisa, ba ya jin Dandanci, ba ya jin Fulatanci, an ba shi umarni, kuma ya san in kaya suka wuce ta gabansa aikinsa ne a kan siraɗi. Ɗan kasuwan kuma yana da bashi a wuyansa da yara masu cin abinci a ƙarƙashinsa. Marubuci yakan zauna da kowane tauraro har sai ya iya kare shi a gaban alƙali, ko da a zuciyarsa ya san mai laifi ne. Amma a kula, kada neman adalci ya kai ka ga dabara mai arha, irin a ce shi ma jami'in matarsa tsohon ciki gare ta, shi ya sa ya yi sassauci. Mai karatu zai gane ɗinki ne.

Batun fasa-ƙwauri ba baƙo ba ne a adabinmu. Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina Turmin Danya a kansa, littafin da ya yi fice a gasar da gwamnatin tarayya ta shirya a farkon shekarun 1980, ya nuna yadda kuɗin harkar ke sayen mutane. Shi ta wajen manyan masu kuɗi ya dubi abin. Ni abin da nake marmarin karantawa shi ne wanda aka duba daga cikin jirgi, ko daga kan babur ɗin ɗan kabu-kabu a hanyar Tsamiya.

Maganar taurari kuma, a bar su su yi magana yadda suke yi. Dattijon Lolo ba zai ce "me kake so" ba, "mi kaka so" zai ce, 'yarsa kuma "ɗiyata" ce. Surukansa za su sako Dandanci, jandarma ya sako Faransanci. Shawarata ita ce bayanin marubuci ya kasance da daidaitacciyar Hausa don na Zariya da na Damagaram su bi ka, bakin taurari kuwa a bar masa ɗanɗanon gida, gwargwadon da ba zai gajiyar da baƙo ba. Suna ma aiki yake yi. A wajen Bargawa, Woru ɗan fari ne, Sabi na biyu, Biyo na uku. Ka ba mutum ɗaya daga cikinsu, wanda ya san ƙasar ya riga ya san matsayinsa a gidansu ba tare da ka yi bayani ba.

Iyayenmu mata da ƙannenmu 'yan mata, wannan ɓangaren naku ne musamman. Da yawan masu rubutu ciwo ne ke sa su ɗaukar alƙalami, kuma ba laifi ba ne. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma neman ilimi. A Wa Zai Auri Jahila? ta rubuta Abu, yarinyar da aka raba da karatu aka aurar ga tsoho. A Alhaki Kuykuyo Ne ta rubuta Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sayar da abinci. An fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Ku duba abin da ta yi: ba tarihin kanta ta rubuta ba. Ciwon nata ne, amma ta ba wasu mata shi su ɗauka, ta ja baya ta dube su, har ta iya ganin inda su ma suke da rauni. Kuma ƙarfin labarin Rabi yana cikin ƙananan abubuwa: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, tukunyar da za a ɗora gobe. Wadda ta rubuta labari don ta rama abin da kishiya ko uwar miji ta yi mata, har duk unguwa ta gane da wa ake, ta tona asirin gida, kuma labarin ba zai yi kyau ba, domin mai fushi ido ɗaya yake gani da shi. A bar ciwo ya huce tukuna, a sauya gari, a sauya kama, a haɗa halin mutum uku a mutum ɗaya.

Game da gyara ba zan ja ba, ko da yake shi ne ya fi cin lokaci. Rubutun farko na marubuci ne shi kaɗai. A ajiye shi kwanaki, a dawo a karanta da babbar murya. Duk inda harshe ya sarƙe, jimlar ce ba ta da lafiya. A karanta wa wanda ba ya jin kunyarka, a lura da inda ya fara hamma. A kula da ƙa'idar rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa, domin rashinsu na juya ma'ana. Masu sakin labari babi-babi a waya suna cikin wani hali na daban: masu karatu na matsa musu lamba kullum, wani lokaci har da biyan kuɗi, sai labarin da ya kamata ya ƙare a babi ashirin ya kai ɗari. Na fahimci neman halali ne, amma ina roƙonku ku san ƙarshen labarinku kafin ku saki babin farko. Gwada gajeren labari ma horo ne mai kyau. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, tana ƙayyade yawan kalmomi, kuma labarin da ya fara cinye ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake, abin da ke faruwa a gaban idon kowa.

To, mu koma ga dattijonmu, mun bar shi a bakin ruwa. Yaya za mu ƙare? Akwai ƙarshen da ba na so ku kusanta: wani Alhaji ya faɗo daga sama ya biya komai, ko ɗan kasuwan ya yi haɗarin mota a shafin ƙarshe don a huta da shi. Dole ƙarshe ya fito daga halin da muka shuka tun farko. Yana iya ƙin shinkafar, ya ci bashin mai, ya tafi da jirgi ba kaya, a tsare shi duk da haka, a zazzage jirgin a gaban 'yarsa ba a sami komai ba. Wannan ƙarshe ne mai kyau, kuma zai faranta wa masu karatu da yawa. Yana kuma iya karɓa, ya wuce lafiya ba wanda ya tsare shi, yarinya ta sauka lafiya a ɗakin uwarta, a yi suna a ci a sha. Ni wannan na fi so, saboda yaron da ke ba mu labari shi ya taya shimfiɗa tabarmar a kan buhunan, kuma bayan mako ɗaya da suna ɗan kasuwan zai sake yin sallama, wannan karon da buhu talatin, ba kuma mai cikin da za a fake da ita. A nan zan ajiye alƙalami, a bakin sallamar, kafin dattijo ya amsa. Ba sai na rubuta wa'azi a ƙasa ba. Mai karatu zai kwana yana yi wa kansa.

Wanda ya ga ƙarshen farko ya fi, ko yana da na uku, to ya ɗauki takarda ya rubuta shafi biyu na farko, da bakin yaron ko da bakin uwar, ya karanta wa wani matuƙin jirgi ya ji abin da zai gyara masa.